Anti, in yarda a ɓoye Hamma har a ɗaura?

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce, shekarata 24, ina koyarwa a wata firamare a nan cikin Gombe. Mu biyar ne a wurin Innarmu. Babban wanmu, Hamma, yana aji biyu a jami'a ciwo ya same shi, yau shekara shida. Ya fara da kulle kansa a ɗaki, ya daina cin abincin gida wai ana zuba masa wani abu, daga baya ya ce rediyo da shi take magana. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, sai da aka shekara biyu sannan aka kai shi asibiti, likita ya ce sunan ciwon sikizofireniya. In yana shan magani lafiya lau, har zaman shagon Baffa yake yi. In ya bari sai abin ya dawo. Baba ya ce wiwin da ya sha a makaranta ce ta jawo masa, Inna ta ce sammu ne. Amma kafin shi akwai Goggonmu, ƙanwar Baba, da ta rasu a Kumo. Ita an ce iska ce, ba a taɓa kai ta asibiti ba.

Yanzu na sami wanda nake so, an kawo gaisuwa, danginsa sun fara bincike. Inna ta ce a kai Hamma ƙauye wurin Kawu har a gama biki, in an tambaya a ce yana kasuwanci a Kudu. Baba kuwa cewa ya yi in waɗannan suka janye ga ɗan Baffa nan, naka shi ke rufa maka asiri. Ni kuma tsoro ya hana ni barci. Wani lokaci in barci ya fara ɗaukata sai in ji kamar an kira sunana, in tashi zaune ina cewa shi ke nan nawa ya zo. Ga ƙanena ɗan shekara 17 ya fara dare a majalisa, yana dawowa ido jawur. Anti, gadon gidanmu ne? Ni ma zai same ni? 'Ya'yana fa? Kuma in yarda a ɓoye Hamma?

'Yarki daga Gombe.

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya ba Hamma lafiya mai ɗorewa, Ya jiƙan Goggo.

Bari in fara da abin da ke tashinki zaune cikin dare, don wanda bai yi barci ba ba ya jin shawara. Jin an kira sunan mutum daidai lokacin da barci ke fizgarsa yana faruwa ga mutane da yawa masu cikakkiyar lafiya, balle in ga gajiya ga damuwa. Ƙwaƙwalwa ce ke riga ido shiga mafarki. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɓangaren masu ciwon ƙwaƙwalwa kafin in ajiye aiki, kuma muryar da suke ji daban take. Da rana tsaka take zuwa, ido biyu, tana zagin mutum ko tana ba da labarin duk abin da yake yi, shi kuma ko kaɗan ba ya shakkar cewa gaske ce. In ta kasance kin fara jin magana kina a farke, ko rashin barcin ya ɗauki makonni, je ki ga likita, ba abin kunya ba ne. Amma abin da kika kwatanta mini, tsoro ne ya hana jikinki hutawa.

To, maganar gado. Akwai shi, ba zan rarrashe ki da ƙarya ba. Sai dai mutanenmu in suka ji an ce gado, gona suke hangowa: uba ya mutu, a raba, kowa ya sami kasonsa. Wannan ciwo ba haka ake rabonsa ba.

A cikin jama'a baki ɗaya, kusan mutum 1 cikin 100 ne yake samu a tsawon rayuwarsa. A 1991 wani masani ɗan Amurka, Irving Gottesman, ya tattara binciken da aka yi shekara da shekaru a kan iyalai a Turai, ya fitar da lissafin da har yau ake koya wa ɗaliban likitanci. Wanda wansa ko ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya ke da ciwon, kusan 9 cikin 100 ne ke kamuwa. Wanda ɗaya daga iyayensa ke da shi, kusan 13 cikin 100. Wanda kawunsa ko baffansa ko goggonsa ke da shi, kusan 4 cikin 100. Binciken da aka yi daga baya a Denmak ma ya fito da ƙasa da haka: ɗan da uwa ko uba ɗaya ke da ciwon, 7 cikin 100 aka samu.

Ke malama ce, yi lissafin ta ɗaya gefen. A tara 'yan mata 100 irinki, kowace da wa mai ciwon Hamma, kusan 90 daga cikinsu za su tsufa su yi jikoki ba su taɓa sanin ɗacinsa a jikinsu ba. 'Ya'yanki kuwa, Hamma kawunsu ne, suna layin 4 cikin 100 ɗin nan, wato 96 lafiya. Kasancewar akwai Goggo na iya ɗan ɗaga ma'aunin, in har ciwonsu ɗaya ne. Na ce in har, don kalmar hauka a bakinmu buhu ce, kome zubawa ake yi: farfaɗiya, ruɗewar da ke zuwa bayan haihuwa, ciwon da mutum ke hawa sama ya yi ta surutu da kyauta sannan ya faɗo ya ƙi magana, baƙin cikin da ya yi wa mace yawa a gidan miji. Goggo ba wanda ya duba ta. Ki tambayi tsofaffin gidan yaushe nata ya fara, bayan haihuwa ne, tana faɗuwa tana kumfa ne, yana tafiya ya dawo ne. Amsar za ta yi wa likita amfani.

Ba zan ce miki kin wuce shekarunsa ba. Maza yakan fara musu daga ƙarshen samartaka zuwa farkon shekara ashirin da wani abu, kamar yadda ya yi wa Hamma. Mata yakan ɗan jinkirta, ya kai ƙarshen ashirin ko farkon talatin. Kina cikin shekarun, amma lissafin yana bayanki, da rinjaye mai yawa.

Abin da ya fi gamsar da ni tun ina aiki shi ne labarin tagwaye. Tagwaye masu kama ɗaya, irin waɗanda uwarsu ma sai ta duba da kyau, ƙwayoyin halittarsu iri ɗaya ne sak. Da gado kaɗai ke kawo ciwon, duk ranar da Hassan ya kamu Husaini ma sai ya kamu. Ba haka ake gani ba. A lissafin Gottesman bai kai rabi cikakke ba, 48 cikin 100. A wani babban bincike na 2017 a kan tagwaye fiye da dubu 30 a Denmak, kusan ɗaya cikin uku ne. Ciki ɗaya, jini ɗaya, nono ɗaya, ɗaya ya kamu ɗaya ya tsira. Kuma mafi yawan masu wannan ciwo ba uwa ba uba ba ɗan uwa na kusa da ya taɓa yinsa. Wato gidan da yau ke binciken naku, su ma ba wanda ya ba su takardar tsira.

Na san abin da ke ruɗa mutane: sikila. Mun saba da ita yanzu, a je a yi gwajin jini kafin aure, AS da AS su haɗu, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Wannan ƙwayar gado guda ɗaya ce, ana ganinta a gwaji. Sikizofireniya kuwa, a 2022 masu bincike sun ƙirga wurare 287 a cikin ƙwayoyin halittar ɗan Adam da ke da hannu a cikinta, kowanne da ɗan tasirinsa ƙanƙane. Ni da ke da mai neman aurenki da uwarsa duk muna ɗauke da wasu daga ciki. Wani ya sami kaɗan, wani ya sami da yawa. Shi ya sa babu gwajin jinin da za a yi miki a ce kina da shi ko ba ki da shi, kuma duk wanda ya ce kawo kuɗi a gwada, kuɗin yake so.

Ke 'yar Gombe ce, kin san kwari. Kin san yadda ƙasar garin nan take da yashi, da yadda damina ɗaya ke cinye bayan gidan mutum. Gidaje biyu na iya zama a baki ɗaya na kwari, ƙasarsu ɗaya, ɗaya ya rufta ɗaya ya shekara talatin a tsaye, saboda wannan an yi masa hanyar ruwa an jera buhunan ƙasa an dasa itace, wancan kuwa ruwan unguwa duka ta gindinsa yake bi. Irin ƙasar da aka gina ki a kai ba ke kika zaɓa ba. Ruwan da ke bi ta gindin ginin kuwa, akwai wanda za a iya karkatarwa, kuma an san wasunsa.

Wasu tun daga ciki suke farawa. A lokacin sanyi na 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus sun toshe wa yammacin Holan hanyar abinci, aka yi yunwa mai tsanani. 'Ya'yan da aka ɗauki cikinsu a tsakiyar yunwar, da suka girma, ciwon ya ninka kusan sau biyu a cikinsu. An sake ganin haka a 'ya'yan yunwar Sin ta 1959 zuwa 1961. Haka doguwar naƙudar da jariri ke rasa iska, da wasu cututtukan da ke kama mai ciki, duk suna ƙara haɗarin. Wannan a hannunki yake in Allah Ya kai mu: awo tun da wuri, cin abinci mai kyau, shan ƙwayoyin ƙarin jini, gidan sauro, haihuwa a asibiti ba a zauna ana jiran sai ta gagara ba. Ki kuma gaya wa masu awo tarihin gidanku, kuma in kin haihu a bar ki ki yi barci, kada 'yan barka su cinye miki dare da rana.

Akwai kuma tsufan uba. An tabbatar cewa 'ya'yan da aka haifa uba ya manyanta sun ɗan fi shiga haɗarin. Ban taɓa jin an fasa ba wa wani Alhaji ɗan sittin yarinya saboda wannan ba, amma a ji wan yarinya na shan maganin ƙwaƙwalwa sai a ce a dawo da kayan gaisuwa. Mu bar wannan.

Wani abin shi ne irin gidan da yaro ya tashi. A 1966 wani likita a jihar Oregon ta Amurka ya bi sawun yara 47 da aka raba da iyayensu mata masu ciwon tun suna jarirai. Biyar sun kamu da suka girma, alhali cikin yara 50 da aka kwatanta su da su ba ko ɗaya. Nan aka tabbatar da gadon. Amma daga baya a Finlan aka yi irin wannan bincike aka ƙara tambaya ɗaya: wane irin gida ne ya riƙe yaron? Sai aka ga 'ya'yan masu ciwon da suka tashi a gidan da ake zaman lafiya ana jin maganar juna, kaɗan ne ƙwarai suka kamu. Waɗanda suka faɗa gidan rikici da tsangwama su ne abin ya fi bayyana a kansu. Duka mai tsanani, cin zarafi da wulakancin yarinta duk suna cikin ruwan da ke cin gindin gini.

Sai wiwi, kuma a nan zan daɗe, don wasiƙarki ta fi ba ni tsoro a layin ƙanenki fiye da duk sauran. A Suwidin an bi matasa kusan dubu 45 da aka ɗauka aikin soja, har shekara 15, aka buga sakamakon a 1987. Waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau shida wajen kamuwa da sikizofireniya. Bincike da yawa sun biyo baya, kuma abin da suka haɗu a kai shi ne haɗarin ya fi yawa ga wanda ya fara da ƙuruciya, ya sha mai ƙarfi, ya sha kullum, kuma akwai ciwon a danginsa. Binciken shaye-shaye na ƙasa na 2018 ya ce mutum miliyan 10.6 ne ke shan wiwi a Najeriya. Yawancinsu ba za su haukace ba, shi ya sa in kika yi wa ƙanenki faɗa zai nuna miki abokinsa ya ce ga wane nan shekara biyar yana sha ba abin da ya same shi. Gaskiyarsa, wane ɗin ba shi da Hamma. Shi yana da shi. Namiji ne, shekara 17, wansa na da ciwon, yana dawowa ido jawur. Duk gidanku ba wanda ke tsaye a bakin kwari kamarsa, kuma kowa hankalinsa na kan bikinki.

Kada a tara masa 'yan unguwa a yi masa dukan kawo wuƙa, kada a kai shi gidan mari. Ki sami lokacin da yake cikin hayyacinsa, ku biyu, ki gaya masa lissafin nan kamar yadda na gaya miki. Ki ce masa abin da abokansa za su sha su tashi, shi yana iya sha ya kwanta ke nan. Yaran yanzu sun fi jin hujja da tsawa. A nemo babban da yake jin nauyinsa, a cika masa yini da makaranta ko sana'a. Ki kuma sa ido: in ya fara janye jiki daga mutane, ya daina wanka, dare ya zame masa rana, karatu ya zube, yana zargin ana maganarsa, yana dariya shi kaɗai, kada a maimaita shekara biyun da aka yi da Hamma. Yadda aka yi saurin fara magani, haka ake samun sauƙin da ya fi kyau.

Kin ga ke nan gardamar Baba da Inna ba ta da amfani. Mai yiwuwa wiwi ta taimaka wajen tayar wa Hamma da abin da ke kwance, amma akwai masu ciwon da ko taba sigari ba su taɓa sa wa a baki ba. A daina ce masa shi ya jawo wa kansa, yana ji, kuma yana ƙara masa ciwo. Addu'a da karatun Alƙur'ani kuwa ba wanda ya isa ya hana, ni ma ina yi wa nawa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a yi magani, don Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Sharaɗina ɗaya ne: duk malamin da ya ce a ajiye maganin asibiti, ko ya ɗauko bulala, a tashi a bar masa wurinsa.

Maganar ɗan Baffa gajera ce. Goggon nan ta ku biyu ce, kakanku ɗaya. Duk abin da ake tsoro a jininki, akwai yiwuwar yana cikin nasa, sai 'ya'yanku su karɓa ta hannu biyu. Ba na zagin auren zumunci, ni ma 'yar zumunci ce. Amma a gidan da mai yiwuwa abu ya riga ya nuna kansa sau biyu a ɓangaren uba, haɗa ɗan wa da 'yar ƙane don a rufa asiri ƙara wa kwari ruwa ne. In Baba zai fi jin maganar daga bakin namiji, a sa likitan Hamma ya gaya masa.

Yanzu ɓoye Hamma. Kada ki yarda.

Ba na ganin laifin Inna. Shekara shida tana kwana da kunne ɗaya a ƙofar ɗakin ɗanta, tana jin abin da mata ke faɗa a gidan suna in ta juya baya, yanzu ga farin ciki ya leƙo tana tsoron ya koma. Amma ki tambaye ta a hankali: masu bincike wurin wa suke zuwa? Wurin mai shayin bakin layi, da limamin unguwa, da tsohuwar da ke sayar da ƙuli. Gombe ba ta yi girman da za a ɓoye ciwon shekara shida ba. In ba su ji kafin ɗaurin aure ba za su ji ranar suna, kuma ranar ba ciwon Hamma za su riƙe ba, ƙaryar za su riƙe, a kanki kuma za ta ƙare, ke kaɗai a gidan mutane.

Wata Laraba aka kawo mana wata amarya, lallen ƙafarta bai gama goguwa ba. Shekara uku tana shan magani lafiya ƙalau, har ta buɗe shagon ɗinki. Da aka sa rana uwarta ta kwashe ƙwayoyin ta zuba a masai, don kada 'yan jere su gani a cikin kaya. Wata biyu da tarewa ta kulle kanta a banɗaki ta ce uwar mijinta ta dasa mata na'ura a cikin katifa. Mijin ne ya kawo ta, direban babbar mota ne, ya tsaya a baranda yana ta murza hularsa a hannu. Ya ce mini, "Sista, da an gaya mini ai ni zan riƙa sayen maganin." Shi bai so rabuwa ba. Uwarsa ce ta rantse ba za ta zauna da surukan da suka mai da ita sakarai ba. Yarinyar ta warware cikin mako shida, ta koma gidan ubanta.

Ke ba ki da ciwo, don haka naki ya fi nata sauƙi nesa ba kusa ba. A fiƙihun Malikiyya, hauka na cikin aibobin da in an ɓoye suke ba wa ɗayan zaɓin warware aure, tare da kuturta da albaras. Amma aibin da ke jikin wanda aka aura ake nufi, ba na wansa ko goggonsa ba. Wato ba wani aibi kike ɗauke da shi da shari'a ke ƙirgawa ba. Abin da zai zama laifi shi ne a tambaya a shirga ƙarya.

Ga kuma shi kansa Hamma, wanda ba wanda ya tambayi ra'ayinsa. A ɗauke shi daga shagon da ya saba, daga ɗakinsa, daga kusa da asibitinsa, a kai shi inda ba mai tuna masa magani, kuma ya san dalili, don masu wannan ciwo ba wawaye ba ne, sun fi kowa karanta fuska. Mutumin da ciwonsa zargi ne, yana ganin ana ƙulla masa abu a ɓoye, sai kuma gida ya ƙulla masa na gaske. An daɗe da gano cewa ciwon ya fi saurin dawowa a gidan da ake yawan kushe mai shi da nuna masa ƙyama. Ina tsoron a kai shi ƙauye da ƙafarsa a dawo da shi a ɗaure, ana saura kwana uku biki.

Ki fara gaya wa saurayinki da bakinki, kafin ya ji a waje. Da rana, a zaure, ba ta waya ba. Ba sai kin yi kuka ko kin roƙi gafara ba, ba ki yi laifin kome ba. Ki ce: wana yana da ciwon ƙwaƙwalwa shekara shida, yana shan magani, yana aiki, ga abin da likitoci suka ce game da gadonsa, in kana so zo mu je ka ji da kunnenka. Sannan Baba ko Baffa ya faɗa wa manyansa, magana ta manya. Wani cikinsu zai ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wanda ya yi wannan karin magana shi ne dai ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ban yi miki alkawarin za su tsaya ba, ana janyewa, na gani, kuma yana da zafi. Amma na ga waɗanda suka tsaya, kuma wanda ya tsaya bayan ya ji, ba ki da sauran abin da za ki riƙa tsoron ranar da zai gano.

Abu na ƙarshe, wannan shan magani a bari a sake sha, shi ke cinye Hamma, don kowace dawowa tana barin tabo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum ɗaya cikin uku masu wannan ciwo na iya warkewa sarai, wasu da yawa kuma suna rayuwarsu da magani kamar mai hawan jini. Ku binciko me ke sa shi bari. Sau da yawa ba taurin kai ba ne. Tsofaffin magunguna irin su haloferidol suna sa wuya ya sandare, hannu ya yi rawa, yawu ya riƙa zuba, har gida su ce aljanun ne suka dawo, alhali akwai ƙwayar da ke warware wannan, ko a rage, ko a canja. Sababbi irin su olanzafin suna sa barci da ƙiba, sai a riƙa duba sukari. Wani kuma kuɗin ne ke yankewa a tsakiyar wata yana jin kunyar faɗa. Akwai allurar da ake yi bayan 'yan makonni maimakon haɗiyar ƙwaya kullum, ta ceci gidaje da yawa. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe yana da likitocin ƙwaƙwalwa, haka na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri in abin ya kai ga haka.

Ranar da zai koma ganin likita ki nemi izini a makaranta ki bi shi. Ki tafi da kwalayen duk abin da yake sha, har da na gargajiya, da takardar da kika rubuta tambayoyinki, ki sa maganar allurar a farko, ta ƙanenki ta biyu. In hayaniyar biki za ta dame shi, a ware masa ɗaki can ciki ya riƙa shiga yana hutawa, a sa mutum ɗaya ya kula da lokacin maganinsa a kwanakin. In za a kai ɗinkin mazan gida kuma, a kai da shaddarsa, ki tambaye shi kalar da yake so.

Antinku.